Mesar rairayi mai karkace wuya: likitan dabbobi ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina zaune a Manchesta, ina da mesar rairayi irin ta Kenya, shekararta biyu. Kwanan nan sai ta fito da kai daga cikin yashi ta ƙura ido sama, in na taɓa ta kuma ta yi firgigit ta bugi hannuna da gefen jiki. An ce min ciwon ƙwaƙwalwa ne. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Abin da ka kwatanta halinta ne na asali. Wannan macijiya mafarauciya ce mai kwanton ɓauna: tana binne jiki, ta bar idanu da hanci a waje, ta jira ɓera ko ƙadangare ya gifta, sai ta kai masa cafka ta gefe. Shi ya sa idanunta suke can saman kai. Zaburar da take yi in an taɓa ta daga sama kuwa tsoro ne, don a daji daga sama abokin gaba yake zuwar mata. Ka riƙa zura hannu ta ƙarƙashinta in za ka ɗauke ta. Haka kuma in ta kusa saɓa, idanu kan yi hazo, ganinta ya ragu, ta ƙara saurin fushi na 'yan kwanaki.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka kwantar da ita rigingine a kan tebur, a hankali. Mai lafiya nan take za ta juye, ba ta yarda cikinta ya kalli sama. In ta kasa juyawa, ko ta yi ta murɗewa kamar igiya, ko kai ya lanƙwashe baya ya ƙi dawowa, ko yana karkarwa tana kai cafka tana kuskure, to wannan kam sai likita.

Tambaya: Daga Abuja nake. Na fesa maganin sauro a ɗaki da dare, da safe na tarar da macijiyata tana kakkarwa, bakinta da yawu. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, wannan na gaggawa ne. Guba ce ta taɓa jijiyoyinta. Magungunan ƙwari, musamman irin su ota-fiya-fiya, jijiya suke kamawa, kuma jikin maciji bai iya jure ko kaɗan daga cikinsu. Fitar da ita zuwa ɗaki mai iska, ki ɗauraye jikinta da ruwa mai ɗumi kaɗan ba tare da kanta ya nutse ba, ki zubar da yashin da ruwan shanta gaba ɗaya, ki wanke akwatin. Kada ki ɗura mata madara ko manja, shaƙewa za ta yi. Ki tafi da kwalbar maganin wurin likitan dabbobi yau ɗin nan, don sunan sinadarin ne zai nuna masa allurar da ta dace. Waɗanda aka kai da wuri da yawa suna farfaɗowa.

Tunda muna kan wannan, bari in ja kunnen kowa game da zafi. Gefen ɗumi na akwati kada ya wuce digiri 32 zuwa 35, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 25, ta sami wurin gudu. Shimfiɗar ɗumi ta lantarki da ba a haɗa ta da na'urar daidaita zafi ba, ko akwatin gilashi da aka bari rana tana dukansa ta taga a watan Afrilu, suna dafa ƙwaƙwalwar maciji, kuma wani lahanin ba ya gyaruwa. Sunanta mesar rairayi, amma tsakar rana a ƙarƙashin ƙasa take yin ta.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Amurka. Na sayo sabon maciji na haɗa su ɗaki ɗaya da tsohuwar mesar rairayina. Daga baya na ga ƙananan baƙaƙen ƙwari a jikinsu. Yanzu tsohuwar tana amayar da abinci, ta rame, tana jujjuyawa. Akwai magani?

Amsa: Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, labarinka ya sa ni zargin cutar macizai da ake kira inclusion body disease da Turanci, IBD a takaice. Tun shekarun 1970 aka san ta a jikin macizai dangin mesa, amma sai a 2012 masu bincike a Kalifoniya suka gano ƙwayar bairos da ke da alaƙa da ita. Tana tara wasu dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayoyin halittar hanta, ƙoda, jini da ƙwaƙwalwa. Mugun halinta shi ne wani maciji kan ɗauke ta wata da watanni, yana ci yana ƙiba, yana rarraba ta ga na kusa da shi. Waɗannan ƙwarin masu shan jini da ka gani su ake zargi da jigilarta daga akwati zuwa akwati. Har yanzu ba ta da magani, ba ta da rigakafi.

Amma zargi ba hukunci ba ne. Wata ƙwayar bairos mai kama huhu, ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, bugu a kai, har da wuce ƙima wajen ba da maganin metronidazol, duk suna kawo irin wannan murɗewa, kuma wasunsu suna jin magani. Ido kaɗai ba ya rabe su. Likita zai ɗebi jini ya duba, ya aika a yi gwajin PCR, mai gano ƙwayar bairos ɗin. Ka ɗauki bidiyon motsin ka tafi da shi, don sau da yawa a gaban likita sai dabba ta yi lamo.

Kafin nan ka raba su ɗaki, kowa da kwanonsa da hantsakinsa na ba da abinci, ka shimfiɗa musu farar takarda maimakon yashi don a ga ƙwarin. Kada ka sayo maganin ƙwari ka fesa da kanka, ka ji abin da ya sami macijiyar Hajiya. Dakatar da abinci kamar mako biyu bayan amai. In gwaji ya tabbatar da cutar kuma ta kai ba ta iya ci ko juyawa, ra'ayina a sauƙaƙe mata da allura ya fi barin ta cikin wahala. Nan gaba, duk sabon maciji ya yi aƙalla wata uku a keɓe, wata shida ya fi. Ba a san cutar da kama mutum ba, amma ka wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela da macizai kan ɗauka.

Tambaya: Yarana sun tono wani gajeren maciji mai kauri a gona kusa da Damagaram, ba ya gudu, suna so su riƙe shi. Ko shi ma ciwon ne?

Amsa: A'a, Malam. Akwai mesar rairayi ta yankinmu na Sahel, ba ta da dafi, kuma rashin sauri ɗabi'arta ce. Abin da ya dame ni daban ne: kububuwa ma gajera ce mai zane-zane, a gonaki ɗaya suke zama, kuma ita ce ke cika asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe da marasa lafiya. Yaro ba zai iya bambance su ba. Ka hana su tonon rami da hannu, wannan kuma a ture shi cikin bokiti da doguwar sanda a mayar da shi inda aka same shi.