Tambaya da Amsa: Ina Musulmi Zai Ci Abinci a San Sebastian?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne daga Zariya, kuma zan halarci taron kwana huɗu a birnin San Sebastian na ƙasar Sifaniya. Kowa na ce min garin abinci ne, amma duk hoton da na gani sai in tarar da cinyoyin alade rataye a saman kanta da kofunan giya. Ina zan ci abinci a can ba tare da na ƙare a shagon kebab kullum ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya. Hotunan da ka gani gaskiya ne, cinyoyin nan suna nan rataye. Amma San Sebastian, wanda 'yan ƙabilar Basque ke kira Donostia, gari ne na bakin teku, kuma abincin da mutanensa suka fi alfahari da shi daga ruwa yake fitowa. Kifi, ƙwai, tattasai, naman kaza (wato laimar kwaɗi, ba tsuntsuwar kaza ba) da cuku za su riƙe ka kwana huɗu cur ba ka maimaita abinci ɗaya sau biyu ba. Tunda kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halas ne, jatan lande da ƙaguwa ma ba su da matsala. Zai zama asara ka je har can ka dawo ba ka ɗanɗana komai ba sai kebab.

Ka fara da tsohon gari, wato Parte Vieja, tsakanin tashar jiragen kamun kifi da bakin kogin Urumea. Lungunansa matsattsu ne, kusan kowace ƙofa gidan abinci ce. A can ake cin pintxo, ɗan loma biyu ko uku da ake ɗorawa a kan yankin burodi ko a soke da tsinke, a jera su a kanta. Ba a zama a wuri ɗaya a ƙoshi. Ana shiga nan a ci abu ɗaya ko biyu da gidan ya shahara da su, a biya, a wuce na gaba, kamar yadda mutum kan tsaya wajen mai tsire, ya zarce wajen mai balangu, ya ƙare a teburin mai shayi. Kuskuren baƙi shi ne su ɗauki babban faranti su cika shi da abin da ke kan kanta a gida na farko. Mafi daɗin yana rubuce a allo a bango, sai ka nema a dafa maka shi da zafinsa. Yawancin pintxo ba ya wuce yuro uku zuwa biyar.

A titin Pescadería akwai gidaje biyu da kamar don irinka aka buɗe su. Txepetxa sana'arsu ƙananan kifin nan antxoa, waɗanda suke jiƙawa da kansu su shimfiɗa a kan gasasshen burodi, kowanne da abin da aka ɗora masa a kai: wani dakakken tattasai da albasa, wani naman ƙaguwa, wani zaitun. Taku kaɗan daga nan sai Bar Nestor, ɗan ƙaramin wuri wanda wainar ƙwai da dankalin turawa da albasa ta sa ya yi suna. Sau biyu kawai suke yin ta a rana, ƙarfe ɗaya na rana da takwas na dare, kuma sai ka je kamar awa ɗaya kafin lokacin ka ba da sunanka, in ba haka ba ka rasa. Cikinta ba ya bushewa, in an yanka sai ka ga ƙwan yana ɗan malalowa a faranti. Ka haɗa da tumatirinsu, wanda ba a sa masa komai sai gishiri da man zaitun, da soyayyen koren tattasai. Ni a ganina wannan ya fi abinci mai tsada da yawa.

Daga nan ka nufi Ganbara a titin San Jerónimo ka nemi naman kaza na daji da aka soya, da ɗanyar gwaiduwar ƙwai a tsakiya. Kai za ka fasa ta ka juya. Ya fi sauran tsada, amma ya cancanta, musamman a kaka. Kusa da tashar jiragen akwai La Mejillonera, wurin hayaniya da araha, inda ake cin mejillones, wata halittar teku mai baƙin ƙoƙo, da soyayyen dankali mai miyar yaji. Sannan ka rufe da La Viña a titin 31 de Agosto, titin da ya tsira lokacin da sojojin Ingila da Fotugal suka ƙone garin a 1813. A nan mai dafa abinci Santiago Rivera ya fito da kek ɗin cukun nan mai ƙonannen sama wanda yanzu ake kwaikwayo a duk duniya. Cuku ne da ƙwai da sukari da kirim da ɗan fulawa. Wasu na haɗa shi da giya mai zaƙi, kai ka nemi kofi.

Akwai kuma gilda, uwar duk wani pintxo: zaitun, kifin antxoa mai gishiri da ɗan koren barkono mai tsami, a soke su a tsinke ɗaya. A Casa Vallés aka fara yin ta a shekarun 1940, kuma gidan na nan har yau a wajen tsohon gari, kusa da cocin Buen Pastor. Loma ɗaya ake yi mata.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido sosai. A Sifaniya, in ka ce ba ka cin nama, mai kawo abinci na iya kawo maka abu da ɗan jamón, wato busasshiyar cinyar alade, a kai da zuciya ɗaya, don shi a wurinsa wannan kayan ƙamshi ne. Saboda haka ka kira sunan abin. Ka haddace waɗannan: cerdo shi ne alade, sai jamón, chorizo, txistorra, morcilla, panceta, tocino da lomo, duk daga jikinsa suke, manteca kuma kitsensa ne. Ka rubuta «sin cerdo, sin jamón» a wayarka, ma'ana ban da alade, ka kuma riƙa tambaya «¿lleva vino?», wato akwai giya a ciki? Croqueta, ɗan dunƙulen nan da ake soyawa, sau tari da jamón a cikinsa ko da ba a gani daga waje, sai dai in an tabbatar maka na kifin bacalao ne ko na naman kaza. Kumatun saniya da ake kira carrillera, wanda gidaje da dama suka shahara da shi, da jar giya ake dafa shi. Ƙaguwar txangurro kan sha barasa a tukunya, koren romon da ake yi wa kifin merluza ma sau da yawa akwai farar giya a ciki. Kuma ƙananan kicin ɗin nan man suya ɗaya da ƙarfen gashi ɗaya sukan yi amfani da su, don haka in wannan na damunka ka tsaya ga abin da aka gasa a gawayi ko aka dafa a tukunyarsa daban. Batun txuleta, ƙaton naman sa da ake gasawa da ƙashinsa, yankan ba na Musulmi ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi a irin waɗannan ƙasashe, sai ka tambayi malaminka kafin ka tashi.

Abin sha ba wuya. Ka ce «un mosto», za a ba ka ruwan inabi mai zaƙi wanda babu giya a cikinsa, shi yara ke sha, manya ma suna sha, ba wanda zai kalle ka. Na san wani zai ji nauyin tsayawa a inda ake zuba giya a gefensa, kuma ina girmama wannan. Ka sani dai waɗannan wuraren gidajen abinci ne na unguwa, da rana za ka ga kaka da jikokinta a ciki. In duk da haka ranka bai kwanta ba, ka bar yawon kanta ka zauna a tebur. A ranakun aiki gidaje da yawa na yin menú del día, abincin rana kala uku a farashi ɗaya. A nan ka nemi bacalao al pil-pil, kifin gishiri da ake dafawa a hankali cikin man zaitun da tafarnuwa ana kaɗa kaskon har man ya yi kauri ya zama miya. In da rani ka je, marmitako, farfesun kifin tuna da dankali, da gasasshen sadin a gidajen da ke jere a bakin tashar jiragen.

In a zauren taro na Kursaal taronku yake, kamar yadda manyan tarukan garin sukan kasance, to kana unguwar Gros ke nan, kuma ba sai ka ƙetara gada zuwa tsohon gari ba. Bodega Donostiarra na yin tuna da antxoa da barkono mai tsami yadda ya kamata, Bergara ma na nan kusa, kuma 'yan gari sun fi baƙi yawa a wannan ɓangaren.

Za ka ji ana maganar gidan abincin Arzak, na Juan Mari Arzak da 'yarsa Elena, wanda ke riƙe da taurarin Michelin uku, ƙololuwar yabon da kundin Michelin ke ba gidajen abinci, tun 1989, da Akelarre na Pedro Subijana a kan tsaunin Igeldo, da gidan Martín Berasategui a Lasarte-Oria. Ɗaruruwan yuro ake kashewa a kai ɗaya, kuma sai an kama wuri da makonni. In wani ya gayyace ka, ka sanar da su tun wajen kama wurin cewa ba alade ba giya, suna gyarawa. Amma in kuɗinka za ka kashe sau ɗaya, ni Getaria zan tura ka, ƙauyen masunta mai nisan kimanin kilomita 25 yamma da garin, bas na zuwa. A can ana gasa kifin rodaballo sukutum da fatarsa a kan gawayi a ƙofar gidan abincin, kana wucewa kana shaƙar hayaƙin. Elkano ya fi suna, shi ma yana buƙatar a kama wuri da wuri.

Sai lokaci. Ba a fara abincin rana sai wajen ɗaya da rabi, zuwa uku da rabi an rufe kicin, na dare kuma sai takwas ta wuce. In ka fito da yunwa ƙarfe shida za ka tarar da abin da ya yini a kanta ne kawai. Gidaje da dama kan huta daren Lahadi ko ranar Litinin, saboda haka ka duba kafin ka taka, ka kuma sayi ɗan cukun Idiazabal da burodi da 'ya'yan itace a kasuwar La Bretxa ka ajiye a ɗaki don irin waɗannan ranakun.