Tambayi Injiniya: wuta a cikin jirgin ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga Injiniya, ya aiki ya sanyin Jos. Ni ɗan Unguwar Rogo ne amma wata huɗu kenan na samu aiki a Lokoja kan jirgin ɗiban yashi, mu huɗu muke kwana a ciki, wani lokaci mu yi sati biyu ba mu taka tudu ba. Matsalarmu wuta. Batir ɗaya gare mu 100Ah irin na mota, shi ke tada inji kuma shi muke cajin waya da fanka biyu da ƙwan fitila uku da ɗan talabijin ta inbata, sai sola ƙarama wat 80 da aka ɗaure a rufi. Sau uku kenan muna tashi da asuba inji ya ƙi tashi sai mun jira wani jirgi ya ara mana batir, kuma batirin ko wata biyar bai yi ba har ya fara gajiya. Maigida ya ce mu muka kashe shi da kallon bal, mu kuma muna ganin jabu aka sayar mishi. Don Allah wa ke da gaskiya, kuma yaya za mu yi?
Mai karatu, daga Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Jos kam da sanyi, kai ne dai ka tafi inda fanka ta zama farilla. Gaskiya ɗaya ce, maigidanku ya fi ku gaskiya, amma shi ma ba zai fita fes ba don shi ya haɗa muku wutar a haka. Bari mu yi lissafi tukuna kafin rabon laifi, domin a jirgi ba NEPA da za ka ce bari a kawo wuta, abin da ka zuba a batir da rana shi kaɗai za ka ɗiba da dare.

Ɗauko biro. Da wat-awa za mu auna, wato wat ɗin abu sau awannin da ya yi yana aiki. Waya huɗu cajinsu a rana ka sa wat-awa 60. Ƙwan fitila uku in LED ne masu wat 5 suka yi awa biyar, 75. Fanka biyu masu wat 15 suka kwana suna juyawa awa takwas, 240. Talabijin da dikoda ka ce wat 60 na awa huɗu, wani 240 ɗin. Sai ɓarawon da ba kwa gani, ita inbatar kanta, ko ba a jona mata komai ba muddin tana kunne tana shan wat 10 ko fiye, kuma na san halinmu ana gama kallo kowa ya miƙe a bar ta har safe, to ƙara 100. Farar fitilar da ya kamata ta kwana a kunne a saman jirgi don masu wucewa su gan ku, 30. Ka tara za ka ga kun tasam ma 750. Raba shi da bolt 12, ya ba ka amfiya-awa sittin da ɗoriya, daga batirin da aka rubuta wa 100Ah, wato amfiya-awa 100. Wato ko da injinku ya wuni yana aiki altaneta, wato na'urar jikin inji mai cajin batir, ta cika shi taf da magariba, kafin asuba abin da ya rage bai kai 40 ba, sannan ka murɗa makulli kana so ya juya injin dizal wanda ke fizgar ɗaruruwan amfiya a daƙiƙa biyu uku. Ina zai iya.

Solar taku kuma kar ka ɗora mata buri. Wat 80 ɗin da aka rubuta ba duk yini take bayarwa ba, rana mai ƙarfi awa huɗu zuwa biyar ce, ka cire asarar zafi da ta waya, in ta yi ƙoƙari ta ba ku wat-awa 300 a yini. In damina ce da hadari ko hunturu ƙura ta lulluɓe gilashin, ko hakan ba za ku gani ba.

Yanzu maganar jabu. Ba lallai jabu ne ba. Batirin mota an ƙera shi da faranti sirara masu yawa don ya ba da wuta mai ƙarfi farat ɗaya ya tada inji, nan take altaneta ta mayar mishi da abin da ya kashe. Ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi a hankali har ƙasa kullum ba, in ana yi mishi haka farantin na yin wani farin gishiri da ba ya narkewa kuma, sai ka ga ya daina riƙe caji cikin 'yan watanni, daidai abin da ka faɗa. Kun sa dokin sukuwa dakon ruwa, shi ne kawai.

Magani na farko, kuma in maigida zai yi abu ɗaya tak to wannan ya yi: batir biyu, kowanne da aikinsa. Na inji na inji ne, ba a jona mishi ko cajar waya, haramun. Na biyu na zaman gida, fanka fitila talabijin duk a kansa, in ya mutu da tsakar dare sai dai ku sha zafi da sauro amma da asuba inji zai tashi. A tsakaninsu a sa makunni mai zaɓe, wanda ke da 1, 2 da duka, ko mafi sauƙi a sa rile mai haɗa su da kansa in inji na aiki ya raba su in an kashe, don makunnin hannu wata rana sai wani ya manta shi a kan duka kun koma gidan jiya.

Batirin zaman gidan ya zama irin na inbata mai jure zuƙa. Tubula 200Ah da muke sa wa a gidaje zai yi, ka tuna dai rabinsa ne naka, wato 100, in kana so ya daɗe. Amma yana da nauyi kusan kilo 60 kuma ruwan asid ne a ciki, jirgi kuwa rawa yake, don haka a sa shi cikin akwati a ɗaure tam, a sama da inda ruwa ke taruwa, kuma wurin ya samu iska saboda yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ita kuma tartsatsi kaɗan take jira. Kar wanda ya kunna ashana ko sigari a kansa. In da kuɗi, litiyam irin LiFePO4 100Ah nauyinsa bai wuce kilo 12 zuwa 14 ba kuma za ka sha 80 cikin 100 ba ya korafi, sai dai shi ba a jona shi kai tsaye da altaneta, yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa har ta yi zafi ta ƙone, sai an sa caja ta musamman a tsakani. Sola kuma a kai ta wat 300 da kwantirola MPPT, wato na'urar da ke daidaita cajin sola zuwa batir, a ɗaure inda inuwar bututu ko tanti ba ta faɗo mata, kowace safiya wani ya goge ta da tsumma, ruwa dai ba ku rasa ba.

Ka sayi ƙaramar mita ta auna bolt, ba tsada. Da asuba kafin rana ta fito an kashe komai ka auna, 12.6 ko 12.7 a cike yake, 12.2 ya kai rabi a tsaya haka, in ka ga 11.9 kun riga kun cuce shi. Inji na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba ka gani ba duba bel ɗin altaneta.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ka ma ambace shi ba, fiyus. Na sha ganin haɗin wutar da aka murɗa waya a kan batir da filaya aka naɗe da leda, ba fiyus ko ɗaya. Mutane na raina bolt 12 don ba ya jan mutum, amma in jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen jirgi, cikin daƙiƙu za ta yi ja kamar garwashi, kuma gobara a tsakiyar Neja ba inda za ka ruga. Kowace jar waya da ta bar batir a sa mata fiyus kusa da kan batirin, kar ya wuce taƙin hannu ɗaya. Wayar ta zama mai silli-silli da yawa ta jan ƙarfe, mai kauri, ba sandararriyar wayar gini ba wadda girgizar inji ke karyawa. Famfon kwashe ruwa shi kuma a ba shi layinsa da fiyus ɗinsa daban wanda babban makunni ba ya kashewa. Bal kuwa ku kalla abinku, amma ku nemi talabijin mai bolt 12 ku huta da inbata.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya. Maigidana fataucin kifi yake, yana zuwa tafkin Kainji ya kwana uku huɗu cikin jirgi yana bin masunta kafin ya kawo Abuja. Yana so ya sayi firiza da ƙaramin janareto ya sa a jirgin, ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai haɗari?
Wata uwargida, daga Kubwa, Abuja

AMSA: Hajiya hankalinki ya gaya miki daidai. Za a iya yi amma ba yadda ake ajiye janareto a bayan shago ba. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta wuce da shi, mun sha jin gida guda sun kwanta ba su tashi ba, to bare ƙarƙashin tanti a jirgi inda wurin kwana da wurin inji taku biyu ne. Dole ya zauna a fili can ƙarshen jirgi, bakin salansa na kallon ruwa, kuma ba a barci yana kunne. Fetur shi ma tururinsa ya fi iska nauyi, gangarawa yake ya kwanta a ƙasan jirgi, don haka ba a zuba mai yana da zafi, jarka kuma nesa da batir.

Haɗari na uku, bayan hayaƙi da fetur, shi ne wanda mutane ba su sani ba. Wutar janareto bolt 230 ce, in ta zurara cikin ruwa ta wata waya da ta goge, ruwan daɗi irin na Kainji ya fi na teku haɗari, saboda jikin mutum ya fi ruwan daɗi ɗaukar wuta sai ta bi ta jikinsa, gaɓɓai su sandare ya nutse ko gwanin iyo ne. A sa bireka mai gane zurarar wuta ta 30mA, kuma kar kowa ya shiga ruwa kusa da jirgin in janareto na aiki.

Ni da zai ji tawa, na kwana uku huɗu, ƙanƙarar bulo da kula mai kauri ta fi mishi arha da kwanciyar hankali. Firiza a zafin can tana iya cin wat-awa 1,000 a yini, kuma lokacin tashi kwamfiresa na fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta, shi ya sa ƙaramin janareton nan ke shaƙewa ya mutu. In ya nace, ya nemi firiza mai aiki da sola kai tsaye ta bolt 12 ko 24.

TAMBAYA: Oga kan batirin jirginmu kullum sai ya yi wani farin gari da kore-kore, me ke kawo shi?
Mai karatu, daga Gangare, Jos

AMSA: Tururin asid ne ya haɗu da laima. Kashe komai, cire baƙar waya tukuna sannan ja, wanke da ruwan ɗumi da bekin soda ka goge da burushi, kar ruwan ya shiga ramukan batirin. In ya bushe mayar da ja farko sannan baƙa, ɗaure sosai ka shafa basilin a kai. In kwana biyu ya dawo da yawa, auna cajin, wataƙila ya haura 14.8 yana tafasa batirin.