Mabiyi, Ɗan Kallo da Mai Ƙaurin Suna: Amsar Tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato kalmomin da masu neman jama'a a dandalin sada zumunta ke juyawa a bakinsu. Na tsamo waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Wani matashi mai koyar da ɗaukar hoto ta bidiyo ya rubuto: "Malam, abokina ya ce kalmar mabiya ta yi wa masu bin shafina nauyi, wai ta malamai ce da shugabanni, in riƙa cewa folowas kawai. Ina da su wajen 20,000, amma in na saka abu da ƙyar mutum 200 su kula. Mabiya ne ko mene ne?"

Ƙanena, abokinka ya ji nauyin kalmar daidai, hukuncin da ya yanke ne ban yarda da shi ba. Mabiyi daga aikatau bi ya fito, aka sa masa ɗafa-goshin ma- irin na manomi da maɗinki da marubuci. Da yake bi gaɓa ɗaya ce, sai aka cika ta da yi, kamar yadda sha ta ba mu mashayi. Jam'i mabiya, mace mabiyiya. (A yi hattara da wannan ta ƙarshe, domin a bakin ungozoma mabiyiya ita ce abin da ke biyo jariri bayan haihuwa. Kada ka kira baiwar Allah mabiyiyarka a gaban mutane ba tare da ka duba fuskarta ba.) Haka kuma wanda aka haifa a bayanka kai tsaye, shi ma mabiyinka ne. Daga wannan tushe biyayya ta fito, a kan awon soyayya da ƙiyayya da jayayya.

A duk waɗannan akwai tafiya: ɗaya a gaba, ɗaya na taka sawunsa. Wanda ya danna maɓallin bin shafinka shekara biyu da suka wuce, bai sake leƙo ka ba, ba ya bin komai. Hausa tana da sunansa, ɗan kallo, kuma ko kallon ma ya daina. Mutum 200 ɗin nan da ke amsa maka, su ne mabiyanka. Sauran kuwa taron tsintsiya ne ba shara.

Kamfanonin da kansu sun san bambancin. A 2018 YouTube ya gindaya cewa kafin mutum ya fara cin kuɗin talla sai ya tara masu rajista 1,000, wato masu bin tasharsa, kuma an kalli bidiyonsa na awa 4,000 cikin wata 12. Sharaɗi na farko ƙidayar kawuna ne, na biyu kuwa yana tambayar ko kawunan sun zauna.

Akwai wata ma'anar bi da nake so ka riƙe. Bahaushe na cewa "ina bin sa bashi". Mai bi shi ne mai haƙƙi, wanda ake bi shi ke da biya. To duk wanda ya bi shafinka saboda ya ga darasi a kan haske da inuwa, ya fara bin ka bashin darasi na gaba. In ya dawo ya tarar da kai kana gardamar ƙwallo, ka ci masa bashi, kuma ba zai yi rigima da kai ba, wucewa kawai zai yi. Yawancin masu kukan "mutanena sun yi shiru" ba su tsaya sun tambayi kansu wane alkawari mutanen suka ji lokacin da suka danna ba.

Wata 'yar'uwa ta tambaya a taƙaice: "An ce mini ana sayen mabiya. Wace karin magana ce ta dace da mai yin haka?"

Zanen aro ba ya rufe katara. Katara ita ce gefen ƙugu zuwa saman cinya, wurin da ake ɗaura zane domin a rufe shi. Zanen da ba naka ba, ba a kan jikinka aka auna shi ba, kuma mai shi na iya zuwa karɓa a tsakiyar taro. An sha karɓewa kuwa. A watan Disambar 2014 Instagram ya share asusun bogi masu ɗimbin yawa, a Yulin 2018 Twitter ya cire asusun da aka kulle daga lissafin mabiya, manyan taurari suka wayi gari adadinsu ya zaftare. A Amurka ma hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta fitar da ƙa'ida a 2024 wadda ta haramta saye da sayar da mabiyan ƙarya don yaudarar masu sayayya. Ga kuma asarar da ba a gani: manhaja kan gwada abin da ka saka a kan wasu daga cikin mutanenka, in ba su motsa ba sai ta ɗauka abin ba shi da armashi. Asusun bogi kuwa ba ya motsi.

Tambaya ta uku ta fi daɗin taunawa. Wani malamin makaranta ya ce: "Idan bidiyo ya zagaye ko'ina cikin kwana ɗaya, yaɗuwa ya yi, ko bazuwa, ko watsuwa? Kuma mai shi ya shahara ke nan?"

Malam, duka ukun Hausa ce, amma kowace da hoton da take ɗauke da shi. Yaɗo shi ne tafiyar tsiro mai rarrafe: yana miƙewa, amma jijiyarsa na nan inda aka shuka shi. Baza kuwa shimfiɗa abu ne a fili yadda kowa zai gani, kamar mai baza kaya a rana. Watsa jifa ce, abin ya bar hannunka, ba ka san inda zai faɗi ba. Shi ya sa muke da watsa labarai, kuma daga gidan nan ne muke cewa taro ya watse. Turawa daga ƙwayar cuta suka aro tasu kalmar, wato viral, mu kuwa muna da tamu tun tuni: ya zama ruwan dare gama duniya. Da ni za a tambaya, bidiyon da ya tafi ya dawo wa mai shi da mutane, ya yaɗu. Wanda aka yanke, aka goge sunan mai shi, aka yi ta turawa, ya watsu.

Batun shahara kuwa, a nan Hausa ta nuna gwaninta. Shahara da mashahuri daga Larabci muka karɓo su, ma'anarsu an san mutum, ba su ce an san shi da alheri ko akasinsa ba. Farin jini ya ƙara wani abu, wato ana son sa. Tashe daga tashi yake: wane yana tashe, tauraronsa na sama yanzu, kuma a cikin kalmar kanta kana jin cewa abin na wani lokaci ne, kamar yayi da ake dainawa. Sai ƙaurin suna. Ƙauri shi ne warin abin da ya ƙone, gashi ko tsumma. Yana saurin cika gida fiye da ƙamshi, kowa kuma sai ya waiwayo ya nemi inda yake fitowa, amma ba wanda ke matsowa ya zauna kusa da shi. Mai zagin mutane don a yi ta turo bidiyonsa ya samu waiwaye, kuma lambobin da ke ƙasan bidiyon ba sa bambance ƙauri da ƙamshi. Ina ganin 'yan jarida na rubuta "ya yi ƙaurin suna wajen taimakon marayu", wannan kuskure ne, yi wa mutum baƙin fenti ne da niyyar yabo. A ce ya yi suna, ko ya yi fice.

A nan ne kuma "magana zarar bunu ce" ta samu sabon gida. Bunu tsohuwar ciyawar rufin ɗaki ce, in ka zaro ta ba ta komawa gurbinta. Masu karin maganar, maganar baki suke nufi, amma ta fi kama rubutun yau, domin kafin ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Wata ɗaliba ta ce ta rikice: "Wasu na ce mini sannu ba ta hana zuwa, wasu na cewa in ban saka abu kullum ba algoridim zai manta da ni. Wa zan bi? Kuma shi algoridim ɗin wane yare ne?"

'Yata, waɗanda suka kawo miki karin maganar sun yanke mata wutsiya. Cikonta shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba". Ba ta yi alkawarin sauri ba, kuma sharaɗinta a kan tafiya ake. Wanda ya zauna ba sannu yake yi ba. Wadda ta fi dacewa da ke ita ce "da yayyafi kogi kan cika". Ki zaɓi abin da za ki iya ɗorewa a kai, ko da sau biyu ne a mako, ya zama mutanenki sun san ranar da za su same ki. Mai zuba abu goma a rana ɗaya ya ɓace wata guda, ambaliya ya yi.

Algoridim kuwa sunan mutum ne da ya sha tafiya. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi masanin lissafi ne da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Da aka juya littattafansa zuwa Latin sai sunan ya lanƙwashe a bakin Turawa, har ya zama sunan duk wani jerin matakai da ake bi a warware lissafi. A dandalin sada zumunta, shi ne tsarin da ke zaɓar abin da zai fara bayyana a gaban kowa. Ba ya zama wuri ɗaya. Instagram ya daina jera abubuwa bisa lokacin da aka saka su a 2016. A Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita abin da dangi da abokai suka saka a kan na shafukan kamfanoni da kafofin labarai. TikTok kuwa yana nuna wa mutum bidiyon waɗanda bai taɓa bi ba. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, gaskiya ne, amma kada ki jingina duk jama'arki a bango ɗaya. An rufe dandalin gajerun bidiyo na Vine a 2017, an rufe dandalin Google+ a 2019, masu taro a can suka tashi hannu rabbana, sai waɗanda suka riga suka nuna wa mutanensu wata ƙofar. Gida biyu maganin gobara.

Da yake mun ambaci sada zumunta, bari in ɗan tsaya. Sada ita ce haɗa mutum da mutum, 'yar'uwar sadu da sadarwa. Zumu ɗan'uwa ne na kusa. An ce zumunta a ƙafa take, wato sai an taka an je. Ƙafar mai shafi ita ce amsa wanda ya yi masa tambaya, da leƙa shafin wani ya ce wani abu mai ma'ana ba tare da ya roƙi a biyo shi ba. Wanda ke saka abu ya juya baya, watsa labarai yake yi, kuma ba laifi ba ne, sai dai kada ya kira shi zumunta.

Na ƙarshe, wani ya tambayi Hausar alamar # da kuma ta layik. Ta farko an riga an yi mana aikin. Wani mai suna Chris Messina ne ya fara ba da shawarar amfani da ita a Twitter a 2007, 'yan jaridarmu kuma suka kira ta maudu'i, kalmar Larabci mai nufin abin da ake magana a kai. Ta zauna daram, a bar ta. Layik kuwa, wanda Facebook ya ƙaddamar a 2009 da hoton babban yatsa a ɗage, fassara shi da "so" ba ta gamsar da ni ba, domin mutum kan danna wa sanarwar rasuwa, kuma ba son ta yake ba. Ni jinjina na fi so, ɗaga dunƙulallen hannu don a nuna an gani kuma an girmama. Na daɗe ina tallar ta ga ɗalibaina. Shekaranjiya kuma na ji bakina yana tambayar ɗana layik nawa hotonsa ya samu.