Ina Ɗan Kwalin Tikitin Jirgin Ƙasa Ya Shiga?

Tambaya: Malam, don Allah wancan ɗan ƙaramin tikitin jirgin ƙasa na kwali mai tauri da ake hudawa a da, wa ya ƙirƙiro shi, kuma me ya sa yanzu ba a ganinsa?

Amsa: Kai ɗan'uwa ka tuno mana da baya! Ana ce masa tikitin Edmondson, sunan wani Bature ne Thomas Edmondson, kafinta ne da ya koma shugaban wata ƙaramar tasha a Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1830. Kafin shi da hannu ake rubuta tikiti ɗaya bayan ɗaya, ga ɓata lokaci ga kuɗi na zurarewa ba a san ta ina ba, shi ne ya fara buga su tun kafin fasinja ya zo, kowanne da lambarsa a jere, in ka biya sai mai sayarwa ya zura shi cikin wani ɗan ƙarfe, ƙwas, kwanan wata ya fito a gefe. Tsawonsa milimita 57 ne, faɗi kuma wajen 30.

Kwamfuta ce ta kashe masa kasuwa, don ajiye kwalin kowace tasha da kowane aji daban ba ƙaramin aiki ba ne. Kamfanin jiragen ƙasa na Birtaniya na wancan lokaci, British Rail, ya daina amfani da shi a 1990, amma jiragen yawon buɗe ido na can har gobe suna bayarwa.