Saifa, Mura da Mushe: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, me ya sa ake kiran wata cutar shanu "saifa", alhali saifa sashen jiki ce?

Amsa: Sunan inda cutar ta fi yi wa ɓarna aka laƙaba mata, domin saifar dabbar kumbura take yi ta yi baƙi. Amma kada son tabbatarwa ya sa ka farke cikin. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jinin da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta. Da ƙwayar cutar ta sha iska sai ta yi wa kanta sulke, ta shekara gommai a ƙasa tana jiran dabbar da za ta zo kiwo. A ƙone mushen, ko a binne shi a rami mai zurfin mita 2. Mushe na ce fa, ba "gawa" ba. Gawa ta mutum ce, ko da masu karanta labarai sun manta. Mai fiɗa ta ƙujewar hannu yake kamuwa: ƙurji ya fito, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Tambaya: In an riga ta da wuƙa, ai ta fita daga mushe ko?

Amsa: Ta fita. Sai dai wuƙa halatta nama take yi, ba ta kashe ƙwayar cuta.

Tambaya: "Murar tsuntsaye" ko "masassarar tsuntsaye"?

Amsa: Ta biyun nake so, ko da yake ta farkon ta riga ta zauna a baki. A kunnen Bahaushe mura atishawa ce da majina, abin da ake cewa "ai mura ce kawai". Wa zai killace kajinsa saboda mura? Ga shi kuwa nau'in cutar da ake kira H5N1 yakan share ɗakin kaji cikin 'yan kwanaki. A Hong Kong a 1997 ya kama mutum 18, 6 suka rasu. A watan Maris na 2024 kuma aka same shi a shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka, har cikin ɗanyar madara, wasu masu tatsar suka kamu, idonsu ya yi ja. Kalmar "tsuntsaye" ma ta yi wa cutar kaɗan ke nan. Laifin masu fassara cikin gaggawa ne, waɗanda kalmar farko da ta faɗo musu ita ce ta ƙarshe.

Tambaya: Daga ina "annoba" ta samo asali?

Amsa: Daga Larabci, al-waba'. Wasu "alloba" suke cewa, kuma ba su yi kuskure ba. Cutar da ta game jama'a ko garke ake nufi, ba ciwon akuya ɗaya ba.

Tambaya: "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai" ya dace da maganar ɗaukar cuta daga dabba?

Amsa: Kan ɗabi'a aka gina shi, amma in ka ara ba zan hana ka ba. Cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 tana bin masu cuɗanya da raƙuma, cutar Nipah kuwa ma'aikatan gonakin alade ta fara kamawa a Malesiya a 1998.