Tambaya da Amsa: Wai Tyla Za Ta Daɗe Ana Yi Da Ita, Ko Wutar Kara Ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, da fatan kowa lafiya. Tambayata akan yarinyar nan ce ta Afirka ta Kudu, Tyla, wadda ta kada su Davido da Burna Boy a Grammy. Kullum sai mun yi musu a majalisarmu, ni na ce yarinyar nan ta zo kenan sai dai a yi haƙuri da ita, shi kuma abokina mai shagon caji ya rantse wai wutar kara ce, waƙa ɗaya ce ta ɗaga ta kuma nan da ɗan lokaci ba mai ƙara jin ɗuriyarta, har mun kusa saɓawa akan maganar nan wallahi. Don Allah a raba mana gardama. Daga mai bibiyarku a Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai kar ku ɓata akan yarinyar da ba ta ma san akwai wani gari wai shi Zariya ba, ka ci gaba da kai cajinka wajen mutumin.

Abokin naka ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba fa. Waƙa ɗaya ce ta fito da ita duniya, wato Water, wadda ta fita a watan Yulin 2023, kuma ba rediyo ne ya fara ɗaga ta ba, TikTok ne, rawar nan da ake zuba ruwa a baya ana girgiza ita ce ta cika wayoyin mutane har waƙar ta haura ta kai lamba 7 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Ranar 4 ga Fabrairun 2024 aka ba ta Grammy a rukunin waƙar Afirka, wanda a shekarar aka fara ba da shi, tana da shekara 22 cif don a Janairun 2002 aka haife ta a Johannesburg. Waƙoƙi biyar ne a rukunin, huɗu duk na 'yan Najeriya: Burna Boy, Davido, Ayra Starr, sai Asake da Olamide a waƙa guda. Abin dariyar ma ita waƙar su Asake sunanta Amapiano, wato sunan kiɗan garin su Tylar, sai ga 'yar gida ta zo ta ɗauke abinta. Na san wannan ne ya tsaya wa mutane da yawa a rai, ina ma zargin har da abokin naka. Kuma ka lura, lokacin da aka ba ta kyautar ko albam ba ta fitar ba, sai a Maris 2024 ya fito.

To amma ita kyauta ba ta taɓa zama shaidar ɗorewa ba, kuma ba sai mun je nesa ba. A 2013 gasar Headies ta nan Najeriya ta ba Sean Tizzle kyautar sabon mawaƙin da ake sa ran zai fi kowa haskawa, wadda har mota ake haɗawa da ita, kuma cikin waɗanda ya kayar akwai Burna Boy. Yau fa? Burna ya ci Grammy a 2021, ya cika filin wasa na London Stadium a 2023. Alƙalan ba mahaukata ba ne, a shekarar Sean Tizzle ɗin ne ke tashe, abin da suka gani suka yanke hukunci a kai. Can Amurka kuma a 1981 wani bawan Allah Christopher Cross ya kwashe manyan kyaututtukan Grammy guda huɗu duka a dare ɗaya da albam ɗinsa na farko, abin da ba a sake yi ba sai a 2020 da Billie Eilish ta yi, amma kafin shekarun 1980 su ƙare kasuwarsa ta yi sanyi, don a daidai lokacin ne tashar MTV ta zo aka koma kallon mawaƙi ba sauraronsa kawai ba, kiɗa ya canza rawa ma ta canza. Su Milli Vanilli kam ba a magana, an ba su kyautar Grammy ta sabbin mawaƙa a farkon 1990, kafin shekarar ta fita aka ƙwace don an gano ba su ne ke rera waƙoƙin ba, baki kawai suke motsawa.

Wadda ta fi ba ni tausayi a wannan layin ita ce Lauryn Hill. Albam ɗinta na farko ita kaɗai ya fito a 1998, ta ci Grammy biyar a 1999, har yau masana na sa shi cikin mafi kyau da aka taɓa yi, amma ba ta sake shiga situdiyo ta fito da na biyu ba. Ba rashin baiwa ba ne, ko kusa. Shi albam na farko mutum ya yi shekara da shekaru yana tara shi a cikinsa ba mai matsa masa, yana talaka, yana da lokaci, yana da abin faɗa. Na biyun kuma kamfani na tsaye a kansa da agogo, yau yana wannan ƙasa gobe yana waccan, kowa na so ya sake yin irin ta farko amma kuma kar ta yi kama da ta farko. A nan ake gane na ƙwarai. Adele ta fito a 2008 aka yaba, sai na biyunta a 2011 ya ninka na farkon nesa ba kusa ba, ya sayar da sama da kwafi miliyan 30, shi ya sa yau ba mai tambaya ko za ta ɗore. Wande Coal kuwa da ya girgiza Najeriya a 2009, sai 2015 ya fitar da na biyu, a tsakani kamfanin Mo'Hits da yake ciki ya watse a 2012, muryar na nan daram amma shekara shida a harkar nan ba wasa ba ce.

Yanzu ga inda na rabu da abokinka, kai ma kuma na rabu da kai. Ku duka biyun kun ɗauka ɗorewa ita ce mutum ya riƙa fitar da waƙar da za ta kai Water duk shekara. Ba haka ba ne. Kafin Tyla, rabon da wani mawaƙi ɗan Afirka ta Kudu shi kaɗai ya shiga wancan jadawalin na Amurka shekara 55 kenan, tun Hugh Masekela mai busa ƙaho a 1968, shi lamba 1 ma ya kai. Bai sake kai wa nan ba har ya koma ga Mahaliccinsa a Janairun 2018, to amma wa zai ce Masekela wutar kara ne? Shekara 50 ya ƙara yana hawa dandamali ana biyan kuɗi ana shiga kallonsa. Haka Miriam Makeba, ta ci Grammy tun 1966, ta rasu a Italiya a 2008 jim kaɗan bayan ta sauko daga dandamali, tana da shekara 76. Waɗannan mutanen abin da suka mallaka shi ne jama'ar da su suke zuwa gani, ko da sabuwar waƙa ko babu. Mu ma ai mun san wannan a gida. Marigayi Shata ya fi shekara 50 yana waƙa har rasuwarsa a 1999, ba jadawali ba TikTok, kalangu ne da 'yan amshi da baki mai ƙirƙira nan take, in aka ce Shata zai yi wasa a gari ba mai tambayar wace waƙa zai yi, tafiya kawai ake. Ɗan Maraya Jos ma da kuntiginsa ɗan mitsitsi haka ya yi har 2015.

Saboda haka tambayar da nake yi akan Tyla ita ce, mutanen nan miliyoyi da suka yi rawar Water, nata ne ko na waƙar ne? Wanda ya zuba ruwa a bayansa ya ɗauki bidiyo ba lallai ya san sunanta ba ma. Ka tuna lokacin kullen korona a 2020 da matan aure suka cika intanet da rawar Jaruma ta Hamisu Breaker, da yawansu yayi suka bi, yayin na wucewa suka koma kan wani. Aikin mawaƙi bayan irin wannan dacen shi ne ya mayar da 'yan kallo su zama nasa, kuma a dandamali ake yin wannan ba a waya ba. A nan ta ɗan samu tangarɗa, don a Maris 2024, daidai lokacin da ƙarfenta ke da zafi ya kamata ta daka, sai ta soke rangadin da ta shirya na Amurka, ta ɗage na Turai, saboda ciwon da ta ce tana fama da shi, har babban bikin kaɗe-kaɗen nan na Amurka, Coachella, na shekarar ba ta yi ba sai a 2025 ta hau.

Akwai kuma wani abu da ke ɗan damuna. Kamfaninta Epic na Amurka ne, kasuwar da ake so ta ci ta Amurka ce, su kuwa Amurkawa ba su da riƙo, ga saurin juya baya. Ka ga yadda suka taso ta a gaba akan kalmar Coloured da take kiran jinsinta da ita, wadda a Afirka ta Kudu sunan wata al'umma ce guda mai tarihinta ba zagi ba ne, amma a kunnen baƙaƙen Amurka tsohon zagi ne na zamanin wariya. Yarinya ta faɗi abin da take a garinsu ya zama laifi a garin wasu. Wanda gindinsa ke gida irin wannan ba ya kayar da shi, Wizkid da Davido ko Amurka ta rufe musu ƙofa gobe Legas kaɗai ta ishe su ci. Ita ma da alama ta gane haka, don da aka ba ta kyautar MTV a Satumban 2024 a rukunin Afrobeats, a kan dandamalin ta ce ita amapiano take wakilta kuma bai kamata a tattara duk mawaƙan Afirka a kira su da suna ɗaya ba. Wasu 'yan Najeriya sun ji haushi, ni kam na ga wayo ne, gida take gyarawa.

In ka matsa min sai na faɗi ra'ayina, to ni ina ganin za ta daɗe. Tun 2019 take fitar da waƙa, ba daga sama ta faɗo ba, albam ɗinta na farko kuma ba Water da ciko ba ne, ana iya sauraronsa daga farko har ƙarshe, tana da rawa, tana da ƙuruciya, masu kayan ƙawa na rububinta. Amma in kana jiran ta sake yin wata da za ta kai waccan ƙara, kana iya daɗewa kana jira, kuma ranar da yayin amapiano ya lafa a ƙasashen waje, don zai lafa kamar yadda kowane kiɗa ke yi, ranar ce za mu ga ko muryarta za ta iya tsayawa ba tare da wannan gangar mai duka a ƙirji ba. Ka gaya wa mai caji ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, amma kuma ba a yanke masa yatsun tun yana goye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanena ne ya yi wata waƙa ta soyayya ta ɗan zaga a TikTok, yanzu ya ce shi ya gama karatu waƙa zai yi, ga shi saura shekara ɗaya ya gama, Hajiyarmu ko barci ba ta yi. Me za ka ce masa? Daga 'yar'uwarku a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa ki gaishe da Hajiya ki ce ta kwantar da hankalinta. Shi kuma ki zaunar da shi ki tambaye shi abu ɗaya, tunda waƙar ta zaga nawa ya shigo aljihunsa? Na kusa rantsewa ko kuɗin situdiyon bai mayar ba. Masu ɗora waƙarka a bidiyonsu ba biyanka suke ba, YouTube kuma kafin ya fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma tallan da ake sakawa masu kallo a ƙasashenmu kuɗinsa kaɗan ne. Mawaƙan Hausa da kike gani da motoci yawancinsu biki ne da waƙar siyasa da ta masu sarauta da masu kuɗi ke riƙe da su, wannan kuwa sai an san ka an saba da kai. Ya yi waƙarsa ranar da ba makaranta, ya karɓi biki in an kira shi, ya gama shekarar nan. Kuma don Allah in wani ya zo masa da takarda wai zai ɗauki nauyinsa, kar ya sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta masa, musamman wajen da aka rubuta wa ya mallaki waƙoƙin da kuma shekara nawa.

TAMBAYA: Wai amapiano ba kiɗan 'yan Legas ba ne? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: A'a ɗana, aro suka yi. A unguwannin baƙaƙe na kewayen Pretoria da Johannesburg ya taso a shekarun 2010, su Kabza De Small da DJ Maphorisa na cikin waɗanda suka fito da shi fili, sunan ma da harshen Zulu ne, ma'anarsa su fiyano. 'Yan Legas sun ɗauka ne wajen 2020 suka sa masa gishirinsu.