Tumatirin gwangwani da aikin tilas na 'yan Uighur: shin rubutun jikin gwangwani ya isa shaida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sarin tumatirin gwangwani da na leda. Na ji an ce akwai wanda ake nomawa da gumin Musulmin Uighur da ake tilasta wa aiki a China, abin ya hana ni sukuni. Dilana ya ce in kwantar da hankalina, wai wasu kayan an rubuta musu Italiya, wasu kuma a nan gida aka cika su. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Damuwarka tana da tushe. Mafi yawan tumatirin da China ke sarrafawa daga yankin Xinjiang, mazaunin 'yan Uighur, yake fitowa. Can jami'an ƙauye suke bi gida-gida da adadin mutanen da aka ɗora musu su tura gona ko masana'anta, da sunan yaƙi da talauci. Ana biyan lada, amma wanda ya ce ba zai je ba yana iya shiga jerin masu "tsattsauran ra'ayi", kuma kowa a yankin ya san wannan na iya kai mutum ga tsarewa. A watan Agustan 2022 Tomoya Obokata, mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, ya ce akwai hujjar yarda cewa an yi aikin tilas a noma da masana'antun yankin. Gwamnatin China tana musanta wannan.

Maganar dilanka kuwa, ita ce kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai an maimaita shi. Rubutun jikin gwangwani yana gaya maka inda aka cika shi ne, ba ya gaya maka gonar da aka tsinko tumatirin. A ƙarshen bazarar Xinjiang, wajen Agusta da Satumba, ake tsinka, a dafa a masana'anta har ya yi kauri sosai, maki 36 zuwa 38 a ma'aunin Brix, wanda ake auna kaurin tumatir da shi. A zuba shi cikin jakar da iska ba ta shiga, a saka a durom mai cin kilo fiye da 200. Duron nan ne ke yawo duniya. Idan ya sauka a wata ƙasa, sai a buɗe, a sirka da ruwa ya dawo 28 zuwa 30, a sa gishiri, wani lokaci a gauraya da na wata gona, a cika gwangwani, a buga sunan ƙasar da aka yi cikon. Shi ke nan, Xinjiang ta ɓace daga takarda.

A Disambar 2024 BBC ta wallafa wani bincike, inda ta sa aka gwada markaɗen tumatir da ake sayarwa a manyan kantunan Birtaniya da Jamus, ta hanyar duba ma'adinan ƙasa da tumatir ke zuƙa daga gona. An samu kaya 17 da alamu suka nuna akwai tumatirin China a ciki, wasunsu da sunan Italiya a jiki. Binciken ya bi sawun kayan ta jirgin ƙasa, daga Kazakhstan zuwa Azerbaijan da Jojiya, sannan ta ruwa zuwa Italiya. Idan a Turai an yi haka, me zai sa a ce wanda aka cika a nan gida ya tsira don kawai an cika shi a nan?

Lambar NAFDAC ma magana take kan lafiyar abinci. Tambarin halal kan abin da ke cikin gwangwani yake magana. Babu ɗayansu da ya taɓa tambayar wa ya tsuguna cikin rana ya tsinko. Takardar "mun duba ma'aikata" daga Xinjiang ita ce mafi rauni, domin ana yi wa ma'aikaci tambaya ne a inda faɗin gaskiya zai iya jefa iyalinsa cikin masifa. Tun 2020 wasu manyan kamfanonin bincike suka daina aikin a yankin. Shi ya sa dokar Amurka da ta fara aiki ran 21 ga Yunin 2022 ta juya lamarin: duk kayan Xinjiang ana ɗaukarsa na aikin tilas ne, sai mai shigowa da shi ya kawo hujjar akasin haka. Masu yaɗa saƙon WhatsApp cewa an zuba guba a gwangwani kuma su ji tsoron Allah, ƙaryarsu tana sa a raina gaskiyar da ake da ita.

Abin da za ka nema wurin dila shi ne takardar asalin duron, ba ta gwangwani ba: sunan masana'antar da ta dafa, lardin da take, lambar rukunin da ke manne a durom, da takardar lodin jirgi. Idan ka ga COFCO Tunhe, Chalkis ko Guannong, manyan masu sarrafawa ne a Xinjiang. Ana noman tumatirin masana'anta a wasu yankunan China ma, kamar Gansu da Mongoliya ta Ciki, saboda haka sunan lardin shi ne abin dubawa. Dilan da ya kasa kawo waɗannan, ka rage odarsa, ka gaya masa dalili, ka ƙara na wanda zai iya nuna maka gonar da ya saya, ko a Kadawa take.